Zurfin ɗuri: yatsun maharbi da ma'aunin 'yan gasa

Daga lokacin da wuta ta kama albarushi zuwa lokacin da harsashi ya bar bakin bindiga, abin da ke shuɗewa bai wuce kaso ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa ba. A wannan ɗan taƙin mai harbi ya riga ya gama nasa aikin. Idonsa ya auna, numfashinsa ya tsaya, yatsansa ya ja kunama. Abin da ya rage yana hannun wanda ya yi ɗuri, ko da kuwa tun jiya ya yi shi, ko a wata masana'anta da ke bayan teku.

A wurinmu idan harbi ya kuskure, hannu ake tuhuma, ko ido, ko a ce dabbar tana da asiri. Ba kasafai ake komawa kan ɗuri ba. Alhali kuwa mutanen da suka fi kowa iya harbi a duniya, masu gasar da ke zura harsashi biyar a huda guda, sun fi ɓata lokaci a kan teburin ɗuri fiye da filin harbi. Cikin abubuwan da suke aunawa, wanda ya fi jawo musu gardama shi ne zurfin da ƙwayar harsashi ta zauna a cikin kwansonta. Ina ganin tsofaffin maharbanmu sun san asalin wannan magana tun da daɗewa, da yatsunsu suka san ta, kuma saninta ko rashinsa yana nan yana raba mutane da yatsunsu har gobe.

Ƙasar da ta saba da ƙarar bindiga

Gumel gari ne na kan iyaka tun kafin Turawa su ja layin da ya bi ta Maigatari. Mangawa ne suka kafa sarautar a wajajen 1750, ta bi Borno, ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, ta kuma shafe mafi yawan ƙarni na 19 tana fafatawa da Haɗeja da Kano da Damagaram. A yaƙi da Haɗeja ne aka kashe Sarki Abdullahi a 1872. Ta arewa kuwa, Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi masu yawa, ana zuba masa igwa ana haɗa masa albarushi a cikin birnin Zinder. Wanda ke maƙwabtaka da irin wannan sarki dole ya koyi ɗuri.

Bindigar da ta zo mana a wancan zamani mai ɗuri ta baki ce, irin wadda fataken Turai, ciki har da 'yan Denmak da ke da sansani a gaɓar Ankara ta ƙasar Gana, suka riƙa sayarwa a bakin teku. Maƙeranmu suka kwaikwaye ta, ta zama bindigar toka, wasu su ce harba-ka-ruga. Ita ce a hannun 'yan bindigar sarki ranar hawan Sallah. A da, in an ce 'yan bindiga, waɗannan ake nufi: mutanen fada masu gaisuwa da hayaƙi. Yau kalmar ta koma hannun ɓarayin daji, kuma wannan ya sa mai ilimi yakan ji nauyin zancen bindiga gaba ɗaya, kamar sanin yadda take aiki ma laifi ne. Sai dai rashin sani bai taɓa hana bututu fashewa ba.

Awon yatsa

Ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, a wani ƙauye da ke ƙasar Gagarawa. Manomi ne da damina, maharbi da rani. Zabin daji da kurciya da zomo su ne abin harinsa, kuma ban taɓa ganin ya ɗura bindigarsa yana hira ba. Yakan auna albarushi da ɗan ƙaho guda da ya yanke wa baki, ya shafe samansa da yatsa don kada ya yi tozo. Ya zuba, ya bi da tsumma, ya danna da sandar ɗuri, ya saka dalma, ya sake bi da tsumma, ya sake dannawa. Daga nan sai ya bar sandar a tsaye cikin bututun, ya ɗora yatsunsa a kan abin da ya yi saura a waje.

Na tambaye shi wata rana: "Kawu, me kuke dubawa?"

Ya ce, "Ɗan nan, sanda nake tambaya. In ta zauna inda ta saba zama, na san abin da ke ciki. In ta ɗaga ko da rabin yatsa ne, ba zan kai wannan bindiga kafaɗata ba."

A jikin sandar akwai tsaga biyu da ya yi da wuƙa: ɗaya tana nuna inda take tsayawa idan bindiga ba komai, ɗaya idan an ɗura ta yadda ya kamata. Abin da tsagar nan ke faɗa masa abubuwa uku ne. Na farko, ko awon albarushi ya yi daidai da na jiya. Na biyu, ko dalma ta sauka har ta zauna a kan albarushi. Na uku, ko akwai wani tsohon ɗuri da aka manta a ciki.

Kowane ɗaya daga cikinsu yana da dalili a kimiyya. Baƙin albarushi yana barin dauɗa mai kauri a jikin bututu. Bayan harbi uku ko huɗu ba a goge ba, dalma takan maƙale kafin ta kai ƙasa, mai ɗuri ya ji tauri ya ɗauka ta zauna. Idan aka bar iska tsakanin albarushi da dalma, wuta na kamawa sai iskar gas ta taho a guje ta ci karo da dalmar kamar ta ci karo da toshiya, matsi ya taru a wuri guda, bututu ya kumbura ko ya tsage a daidai inda hannun hagu yake riƙe. Shi kuwa ɗuri kan ɗuri, har sojoji ya ci. Bayan yaƙin Gettysburg na Amurka a 1863 an tsinci bindigogi masu ɗuri ta baki sama da 27,000 a filin daga. Kimanin 24,000 a ɗure suke, kuma aƙalla rabin waɗannan an ɗura su fiye da sau ɗaya. Cikin ruɗani da ƙara, mutum bai san tasa ba ta tashi ba, sai ya sake zubawa.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Tsagar kawuna ta ɗara ido, domin ita mudu ce.

Kunya da kwari

Duk da wannan kulawa, akwai iyakar da bindigar toka ba ta wucewa. Cikin bututunta sumul yake, dalmar kuma ba ta cika shi ba, don haka takan fito tana juyawa ta inda ta ga dama, gwargwadon gefen da ta goga na ƙarshe. Wani masanin lissafi ɗan Ingila, Benjamin Robins, wanda littafinsa kan harbi ya fito a 1742, shi ya nuna ta hanyar gwaji cewa wannan juyin ne ke karkatar da dalma a iska. Shi ya sa maharbinmu yake rarrafe har ya matso kusa. Fasaharsa ta sanɗa tana cike gurbin abin da bututun ya gaza.

Maganin da aka samo shi ne a sassaƙa cikin bututu a murɗe, ya zama kamar gonar da aka yi wa huɗa: ga kunya, ga kwari, suna zagayawa daga gindi zuwa baki. Kunyoyin suna cizon jikin ƙwayar harsashi su tilasta mata juyawa a kan tsayinta, kamar yadda mazari ke tsayawa kyam muddin yana juyi. A bindigar gasa mai harba harsashin .308 Winchester, wanda ya fito a 1952, ƙwayar takan bar baki da gudun mita 800 da ɗoriya a daƙiƙa, tana juyi sama da sau 150,000 a minti.

Harsashin zamani kuwa abu huɗu ne a haɗe: kwanson tagulla, 'yar hular tartsatsi a gindinsa, garin albarushi marar hayaƙi, irin wanda Bafaranshe Paul Vieille ya fara samarwa a 1884, sai ƙwaya da aka cusa a wuyan kwanson. Masana'anta tana yin harsashi guda ne don ya shiga kowace bindiga mai wannan awo. Ƙa'idar masana'antun Amurka, alal misali, ta ce tsawon harsashin .308 kada ya wuce inci 2.810. Kamar rigar kanti yake, tana shiga kowa, ba ta zauna wa kowa daidai ba. 'Yan gasa a Amurka da Turai da Afirka ta Kudu da Ostireliya, inda doka ta yarda, sukan tattara kwansonsu bayan harbi su sake ɗura shi da hannu, su auna komai gwargwadon bindiga ɗaya tak. Wannan shi ne ɗinkin tela.

Tsalle

A gaban ɗakin da harsashi ke kwanciya akwai ɗan wuri sumul kafin kunyoyi su fara, ana iya kiransa maƙogwaron bindiga. Tazarar da ƙwaya ke yi a sake kafin ta taɓa kunya ita ce tsalle. Idan mai ɗuri ya cusa ƙwaya can cikin kwanso, tsalle ya yi tsawo. Idan ya bar ta a waje-waje, tsalle ya ragu, har ta kai ga taɓa kunyoyin tun kafin a harba. Ana auna wannan da kaso ɗaya cikin dubu na inci. Kaso uku irin wannan shi ne kimanin kaurin silin gashi, kaso goma kuma kwatan milimita ne.

Ta hanya uku wannan 'yar tazara ke taɓa harbi.

Ta farko ita ce miƙewa. Ƙwayar da ta yi tsalle tana iya shiga kunyoyi a ɗan karkace. In ta shiga a haka, a haka za a sassaƙe ta, kuma abin da ke juyi sau dubbai a daƙiƙa ba ya yafe rashin daidaito. Za ta fito tana rawar kai. Siffar hancin ƙwaya tana da tasiri a nan: masu dogon hanci siriri, waɗanda aka ƙera don nisan zango, sun fi tsantsami game da tsalle, masu hanci mai lanƙwasa a hankali kuwa sukan daidaita kansu. Tun ƙarshen ƙarni na 19 'yan gasa irin su Harry Pope na Amurka suka riƙa zaunar da ƙwaya a cikin kunyoyin bututu daban, sannan su sa kwanso a bayanta, don kawai su kawar da tsallen.

Ta biyu ita ce matsi. Ƙwayar da ta samu filin gudu tana afka wa kunyoyi da ƙarfinta. Wadda ke jingine da su tun farko sai matsi ya taru sosai kafin ta motsa, kamar jakin da aka ɗora wa kaya a gindin tudu. Saboda haka matso da ƙwaya har ta taɓa kunya yana ɗaga matsi. Cusa ta can ciki ma yana ɗaga shi, domin ɗakin da albarushi zai ƙone ya ƙuntata. Hatsari yana gefe biyu ke nan, kuma matsin da ake magana a kai ba na wasa ba ne: iyakar da aka gindaya wa .308 ita ce fam 62,000 a kan kowane inci murabba'i, kusan ninki dubu biyu na iskar tayar ƙaramar mota. Sauyin matsi yana sauya gudu. A mita 100 wannan ba ya nuna kansa sosai, amma a yadi 1,000 bambancin mita 10 a daƙiƙa yana iya ɗaga harsashi ko sauke shi fiye da taƙi guda.

Ta uku ita ce rawar bututu. Ana harbawa bututu yakan girgiza kamar tsirkiyar garaya, bakinsa yana sama yana ƙasa da ɗan abin da ido ba ya gani. Inda bakin yake a daidai lokacin da ƙwaya ta fita, can za ta nufa. Sauya zurfin zama yana sauya lokacin fitar da ɗan ƙanƙanin abu, kuma da yawa daga 'yan gasa sun tafi a kan cewa abin da suke nema shi ne lokacin da bakin ya lafa.

Wani abin kuma, maƙogwaro ba ya zama yadda yake. Wuta tana cin farkon kunyoyi kaɗan-kaɗan, tsalle yana ƙaruwa da kansa. Awon da ya yi daidai a bana ba lallai ya yi baɗi ba.

Garke

'Yan gasa ba sa yi wa ɗuri hukunci da harbi ɗaya. Sukan harba biyar ko goma a wuri guda, su auna tazarar da ke tsakanin hudoji biyu mafi nisa da juna. Bari mu kira wannan tarin huda garke: ɗuri mai kyau garkensa a dunƙule yake, marar kyau a warwatse. Ko garken ya faɗi gefe ba damuwa, saiti ake gyarawa. Warwatsuwa ce ba ta da magani sai a ɗuri da bututu. A 1973 Mac McMillan ya harba biyar a yadi 100 garkensa ya tsaya a inci 0.009. Shekara 40 wannan bajinta ta yi kafin Mike Stinnett ya karya ta a 2013 da inci 0.0077, wato ƙasa da kaso ɗaya cikin biyar na milimita.

A nan ne kuma masu ma'aunin zamani suke faɗawa ramin da suke yi wa maharbin ƙauye dariya a kansa. Mutum ya ɗura harsashi uku-uku a zurfi daban-daban, ya harba, ya ga garke ɗaya ya fi dunƙulewa, ya ce ya samo sirrin bindigarsa. Lissafi bai goyi bayansa ba. Frank Grubbs, masanin ƙididdiga da ya yi aiki da sojan Amurka, ya fitar da ɗan littafi kan wannan a 1964. Abin da lissafin ke nunawa shi ne, da bindiga ɗaya da ɗuri ɗaya, garken harbi goma yakan fi na harbi uku faɗi da sama da rabi, kuma cikin garkunan harbi biyar ba abin mamaki ba ne wani ya ninka wani ba tare da an sauya komai ba. A 'yan shekarun nan injiniyoyin kamfanin Hornady sun fito fili sun ce da suka riƙa harba ashirin zuwa sama a kowane gwaji, da yawa daga bambancin da ake jingina wa ƙananan sauye-sauyen ɗuri ya ɓace. Gardamar ba ta mutu ba, domin 'yan gasar teburi suna da kofunansu a matsayin hujja. Abin da ɓangarorin biyu suka haɗu a kai shi ne, kowane zurfi ka zaɓa, ya zamana duk harsasanka a kansa suke.

Wanda ya yi harbi uku ya ɗauki sa'a a matsayin ilimi bai bambanta da wanda ya ɗaura laya a gindin bindiga ya kashe gada, ya ce layar ce. Duk wanda aikinsa ya haɗa shi da alƙaluma, likita ne ko malamin gona ko mai binciken kuɗi, ya san wannan jarabar: gona uku sun yi kyau, sai a ce irin ne.

A Bisley ta Ingila, inda ake gasar Kyautar Sarki, wadda aka fara a 1860, ta koma can a 1890, har yau ana harbi zuwa yadi 1,000, kuma harsashi iri ɗaya ake raba wa kowa. Sun cire ɗuri daga cikin gasar don a ga wanda ya fi iya karanta iska. Wannan kansa shaida ce ta irin nauyin da ɗuri ke da shi.

Abin da ya shafe mu

Ɗurin harsashi da hannu ba sana'a ba ce da dokar Najeriya ta buɗe wa kowa. Dokar Makamai ta 1959 ta taƙaita ƙera harsashi da haɗa shi, ta kuma ba hukuma ikon wajabta lasisi ko a kan bindigar toka. Harsashin hukuma aikin masana'antar tsaro ce ta DICON da aka kafa a Kaduna a 1964. Don haka babu wanda zai zauna a Gumel ko Sule Tankarkar yana auna tsalle da ma'aunin ƙarfe.

Amma ɗuri ta baki ana yin sa kullum: a hawan Sallah, a naɗin sarauta, a biki, a farauta, da kuma a hannun 'yan sintiri. Abubuwa biyu sun sauya daga zamanin kawuna, kuma duka biyun sun ƙara hatsari. Bututun da yawa yanzu na ruwa ne ko na sitiyarin mota, ƙarfen da ba a yi shi don wuta ba. Sannan matasa suna gasar ƙara. A taron biki wanda tasa ta fi tsawa shi ne gwani, don haka ƙahon awo ya ba da wuri ga tafin hannu. Mafi muni, wasu kan farke harsashin zamani su zuba garinsa a bindigar toka. Wannan garin yana haifar da matsin da ya ninka na baƙin albarushi, kuma bututun da maƙeri ya naɗa ba zai ɗauke shi ba ko sau ɗaya. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin gaggawa na asibitocinmu a makon Sallah ya san kamannin hannun da irin wannan ta fashe a cikinsa.

Tsarin da zai rage wannan yana nan a hannunmu tun da can. Akwai Sarkin Bindiga a fada, akwai Sarkin Baka a kan maharba, kuma maganarsu tana da nauyi a wurin mutanensu fiye da takardar kowane ofis. Da za su mayar da shi sharaɗi cewa ba mai shiga sahu ranar hawa sai an ga ƙahon awonsa, an zura sandarsa an ga tsaga biyu a jikinta, an kuma tabbatar da irin garin da ke cikin jakarsa, da yatsu da yawa sun kai wata Sallar. Ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Wuƙa ce da sanda, da dattijon da zai tsaya a ƙofar fada yana dubawa ɗaya bayan ɗaya.